Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Mataimakiyar Gwamnan Kaduna: Wa Zai Rubuta Wa Mai Taɓin Hankali Magani A Ikara, Makarfi Da Kudan?

Zuwa ga Mai Girma Dakta Hadiza Sabuwa Balarabe,
Mataimakiyar Gwamnan Jihar Kaduna.





Ranki ya daɗe, da gangan na tsallake ofisoshi da dama na kawo kukana gare ki. Ke likita ce, kuma kafin ki hau wannan kujera a 2019 ke ce ke jagorantar hukumar kula da lafiya a matakin farko ta jihar nan. Don haka ba sai na tsaya ina kwatanta miki yadda ɗakin shan magani na ƙauye yake ba, ko in gaya miki wanda ke zaune a cikinsa. Kin san ba likita ba ne. Tambaya ɗaya ce ta sa na ɗauki alƙalami: a ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan, wane ma'aikacin lafiya ne yake da hurumin rubuta wa mai taɓin hankali magani?

Na yi wa ma'aikata da dama wannan tambaya, tsofaffin hannu da sababbin shiga, amsoshinsu kuma ba su yi kama da juna ba. Wani ya ce sai likitan ƙwaƙwalwa. Wani ya ce kowane likita. Wata nas ta ce tana iyawa sarai, amma ba za ta sa hannunta a takarda ba, domin ranar da abu ya ɓaci ita kaɗai za a bari da jangwam. Wani malamin asibiti ya ce shi dai in an zo masa da tsohuwar takarda yakan kwafe ta, ya sallami mutane. Dukkansu gwamnati ɗaya suke yi wa aiki, albashinsu daga baitulmali ɗaya yake fitowa, amma kowa da fatawarsa.

Abin da aka sani a hukumance shi ne, duk likitan da ke da rajista da majalisar likitoci ta ƙasa, MDCN, yana da ikon rubuta waɗannan magunguna ko da bai ƙware a fannin ƙwaƙwalwa ba. Wannan kaɗai ma sabon labari ne ga mutanenmu da yawa, waɗanda suka ɗauka in ba a dangana da asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa ba babu mai taɓa marar lafiyarsu. Masanin halayyar ɗan Adam, mai yin jinya ta hanyar zama da tattaunawa, ba ya rubuta magani a Nijeriya. A Amurka wasu jihohi sun ba irinsu wannan dama tun daga 2002 bayan ƙarin karatu, ana kuma ta cacar baki a kai har yau, amma wannan gardamar masu hali ce. Mu da ko masanin ba mu gani ba, ina muka ga bakin musu a kan abin da zai rubuta? Mai ilimin harhaɗa magunguna aikinsa ya duba takarda, ya tabbatar da awo, ya ba da magani, ya yi bayanin yadda za a sha. Mai kemis kuwa lasisinsa bai wuce magungunan da ake sayarwa ba tare da takardar likita ba, kuma maganin taɓin hankali ba ya cikinsu.

Saura na tsakiya, waɗanda a wuyansu lafiyar ƙauye ta rataya: ma'aikatan jinya, da jami'an lafiyar al'umma da ake kira CHO, da na ƙasa da su, CHEW. Su CHO da CHEW suna aiki ne da littafin ƙa'idoji da suke kira standin oda, wanda ke gaya musu abin da za su duba, abin da za su bayar, da lokacin da za su tura marar lafiya gaba. Akwai babin lalurar ƙwaƙwalwa a cikinsa. Sai dai a aikace, abin da yawancinsu suka riƙe daga babin shi ne kalma ɗaya: a tura. Suna turawa kuwa. Abin da babu wanda ya tsaya ya warware musu shi ne me za su yi idan wanda aka tura ya je, an gano ciwonsa, an ɗora shi a kan magani, ya dawo gida, maganin ya ƙare.

A nan ne rayuwar mutane ke lalacewa, ranki ya daɗe, don haka ki yi mini haƙuri in daɗe a wurin.

Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya ba su kai 300 ba, ga al'umma sama da miliyan 200. Yawancinsu suna manyan birane, kuma duk shekara wasu na tattara nasu ya nasu su tafi Ingila ko Kanada ko Saudiyya. Mutumin Saulawa ko Gubuchi ko Likoro in yana son ganin ƙwararre, mafi kusa da shi shi ne asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. In ba nan ba, sai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, wanda bayan an iso Zariya akwai sauran tafiyar kusan kilomita 80, a sauka Kawo a sake ratsa gari. Mutanen Paki da kewaye sau da yawa Kano suke nufa, su je asibitin Dawanau. A taswira duk wannan ba wani nisa ba ne. Amma mai taɓin hankali ba ya tafiya shi kaɗai. Dole namiji ɗaya ko biyu su bar gona su raka shi. In ciwon ya motsa yana ihu, babu direban haya da zai ɗauke shi cikin fasinja, sai dai a yi shatar mota. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin wannan tafiya ya zama abin da sai an sayar da buhun masara ko akuya. Tafiyar kuma ba sau ɗaya ba ce. Wata-wata ake yin ta, ko bayan 'yan watanni, shekara da shekaru.

Iyali sukan yi ƙoƙari da farko. Su je, su koma, su sake komawa. Marar lafiya ya samu sauƙi, ya fara zuwa masallaci, ya koma saran rake ko tsinkar tumatir. Sai damina ta faɗi, kuɗin da ke hannu ya tafi ga taki, a ce tunda ya warke a ɗan dakata. Su kuwa waɗannan magunguna, irin su haloperidol da chlorpromazine da risperidone, danne ciwon suke yi, kuma mafi yawan masu irin wannan lalura in suka daina sha, ba jima ko ba daɗe ciwon yakan dawo. Idan ya dawo, hukuncin da ake yankewa a zaure ɗaya ne: maganin asibiti ba ya yi masa, wannan ba ciwon asibiti ba ne. Daga nan sai a nemi ɗakin da ke da ƙofa mai ƙarfi, ko a tambayi inda ake da mari. Lokacin da 'yan sanda suka fito da mutane sama da 300 daga wani gida a Rigasa a watan Satumba na 2019, wasu da sarƙa a ƙafa, duniya ta yi ta Allah wadai, kuma ya cancanta. Amma kaɗan ne suka tambayi abin da ke sa uba ya kai ɗan cikinsa irin wannan wuri da hannunsa, har ya biya kuɗi.

Ba daga nesa nake wannan magana ba. Ɗan yayana yana karɓar allurar nan ta wata-wata, fluphenazine, wadda ta sa ya zauna lafiya har ya yi aure. Akwai lokacin da tafiya birni ta gagare mu, na ɗauke shi da katinsa da kwalbar allurar da muka saya, muka je wani ƙaramin asibiti. Ma'aikacin da muka tarar ya juya katin gaba da baya, ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, wannan ba hurumina ba ne." Mutumin da ya wuni yana yi wa yara rigakafi, yana ɗaura wa mutane ruwa, allura ba za ta gagare shi ba. Tsoro ne ya hana shi, domin babu wata takarda daga sama da zai nuna in an tuhume shi. Ban ga laifinsa ba a ranar, yau ma ban gani ba.

Wanda ba ya jin wannan tsoro shi ne mai kemis. A yau, in za a faɗi gaskiya, shi ne babban mai rubuta maganin ƙwaƙwalwa a karkararmu. A miƙa masa fankon kati, ya duba launi, ya ɗauko mai kama da shi. In an ce marar lafiya ba ya barci ya ƙara da diazepam. In an ce har yanzu yana surutai ya ce a riƙa ba shi biyu maimakon ɗaya. Ba duka ne miyagu ba. Wasunsu tausayi ne ke sa su, kuma sau da yawa su ne ke ba da bashi lokacin da kowa ya juya baya. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: gwamnatin da ta bar kantar asibitinta babu ko ƙwaya ɗaya ta wannan ciwo ba ta da bakin zagin wanda ya cike gurbin.

Ga kuma wani abin takaici da ke cikin lamarin. Benzhexol magani ne da likita ke haɗa wa mai shan haloperidol don ya hana jikinsa sandarewa da karkarwa. Shi ne samarinmu ke kira Exol, suna watsa shi a baki a tasha da bakin kasuwa da wajen aikin rake. Diazepam ɗin da nas ke jin tsoron rubutawa, yaro ɗan shekara sha biyar ya san inda zai same shi da sunan D5. Binciken da aka yi a ƙasa baki ɗaya a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da ta gabace shi. A watan Mayun 2018 ne gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin. Wato tsaurin da muke yi a kan takardar magani bai hana mai neman maye samun abin da yake so ba. Marar lafiya na gaskiya kaɗai yake tarewa a bakin ƙofa.

Na san abin da abokan aikinki likitoci za su ce, kuma ba na raina shi. Za su ce waɗannan magunguna ba farasitamol ba ne. Gaskiyarsu. Ba duk wanda ya rikice yake da taɓin hankali ba. Zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, da taifot, da sanƙarau, da faɗuwar sukari a jini, duk suna iya sa mutum ya yi ta sambatu yana fizge-fizge. Wanda bai iya bambancewa ba zai danna masa allurar barci, ya kwanta shiru, dangi su ce alhamdulillahi ya samu natsuwa, alhali mutuwa yake yi. Haloperidol kan sa wuyan saurayi ya murɗe, harshe ya zazzago, idanu su kakkafe sama. 'Yan gida su ce iskokai ne suka hau, su kwashe shi zuwa wajen mai hayaƙi, nan kuwa illar magani ce da wanda ya sani zai warware ta cikin ɗan lokaci. Amitriptyline yana da araha, yana kuma taimakon mai ciwon damuwa, amma yakan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa, kuma in mutum ya haɗiye da yawa a lokaci ɗaya yana iya tsayar da zuciya. Wanda ke cewa ya gaji da duniya ba a damƙa masa na wata uku a hannu. Sodium valproate na nakasa ɗan tayi, a yankin da mace ke shiga ɗakin miji da wuri ta yi ta haihuwa. Lithium sai da awon jini a kai a kai, balle a zafin bazara da jiki ke bushewa. Carbamazepine kan fito wa wasu da ƙurajen da ke saɓule fata. Duk wanda ya san waɗannan dole gabansa ya faɗi in ya ji an ce a sakar wa kowa biro.

To amma ni ban ce a sakar wa kowa ba. Kuma ina so a lura cewa duk haɗarin nan da na lissafa yana faruwa yanzu haka, a hannun mutanen da ba a koya wa komai ba, ba mai duba aikinsu, ba su rubuta komai a littafi. Zaɓin da ke gaban mutumin Gimi ko Taban Sani bai taɓa zama tsakanin farfesa da malamin asibiti ba. Tsakanin malamin asibitin da aka horar ne da yaron shagon da ba a horar ba. Duk likitan da ya ƙi amincewa da na farko, ya sani ko bai sani ba, ya zaɓar wa talaka na biyu.

Ba sabon abu nake nema ba. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya nuna a Aro, kusa da Abekuta, cewa ana iya jinyar masu taɓin hankali a gidajen ƙauye tare da danginsu, ma'aikatan jinya na zagayawa. A 1991, zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ke ministan lafiya, Nijeriya ta fitar da manufar da ta ce a shigar da lafiyar ƙwaƙwalwa cikin aikin ƙananan asibitoci. Shekara sama da 30 ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin mhGAP a 2008, ta fitar da littafin jagoransa a 2010, musamman don ma'aikacin da ba ƙwararre ba: ga tambayoyin da zai yi, ga abin da zai fara kawarwa, ga magani da awonsa, ga alamar da in ya gani ya tura nan take. Farfesa Oye Gureje da abokan aikinsa na Jami'ar Ibadan sun daidaita littafin da yanayin Nijeriya, sun gwada shi da ma'aikatan ƙananan asibitoci a ƙasar Yarabawa, an ga suna iyawa matuƙar akwai mai sa musu ido. A Binuwai, tun 2011 cocin Methodist da ƙungiyar CBM da gwamnatin jihar suka kafa shirin da ma'aikatan jinya masu horon ƙwaƙwalwa ke duba marasa lafiya a ƙananan hukumomi. A nan gida ma asibitin Barnawa ya gudanar da shirin mhSUN tare da CBM don irin wannan manufa. Ilimin yana cikin jihar nan, masu shi suna raye.

Ke ma shaida ce a kan abin da ya faru bayan manufar rarraba ayyukan lafiya ta 2014. Kafin ta, wa zai yarda CHEW ta sa wa mace ashanar tsarin iyali a hannu, ko ta yi wa mai jijjiga allurar farko kafin a garzaya da ita babban asibiti? An yi ta gardama, aka horar da su, aka ba su izini a rubuce, yau ga shi ya zama aikin yau da kullum, mata da yawa kuma sun tsira. Maganin tarin fuka na wata shida a ƙananan asibitoci ake karɓar sa. Ciwon ƙwaƙwalwa ne kawai aka bari a baya, kuma ina zargin dalilin shi ne masu shi ba su da murya, danginsu kuwa kunya ta hana su fitowa su yi magana.

Na san ba jiha ke ba da lasisin aiki ba. Wannan na majalisun tarayya ne, na likitoci da na ma'aikatan jinya da na jami'an lafiyar al'umma. Amma jiha ce ta ɗauki ma'aikatan nan, ita ke tura su wurin aiki, ita ke sayen magani. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta goyi bayan a kai wannan hidima kusa da jama'a. Mun kuma ji daɗi da gwamnatinku ta faɗaɗa hukumar KADBUSA ta zama KADSAMHSA, aka haɗa mata kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a kan yaƙi da shaye-shaye. Abin da ya rage bai fi ƙarfin ofishinki da na Kwamishinar Lafiya ba.

Muna son takarda guda, da hatimin gwamnati, da za ta fayyace wa kowane ma'aikaci iyakarsa. A ganina, gano ciwo mai nauyi karon farko da ɗora mutum a kan magani ya zauna a hannun likita, ko nas mai horon ƙwaƙwalwa da ke tuntuɓar likita. Magunguna masu buƙatar awon jini, da jinyar mai ciki da ƙaramin yaro da tsoho tukuf, da wanda magani ya ƙi karɓa, su zauna wajen ƙwararru. Amma wanda an riga an gano ciwonsa, ya daidaita a kan maganinsa, a ba CHO da CHEW da suka yi horon mhGAP izini ƙarara su sabunta masa, su yi masa allurarsa ta wata, su auna hawan jininsa da nauyinsa, su tambayi barcinsa da cin abincinsa, su rubuta a kati, sa'annan likita ya sake ganin sa bayan wani lokaci da za a ƙayyade. A ba su 'yan magunguna kaɗan da suka sani ciki da bai, ya fi a ba su dogon jerin da za su yi ta lalube. Takardar nan a fassara ta da Hausa a manna a bangon kowane asibiti, yadda ɗan rakiya zai karanta ya san haƙƙinsa, ma'aikaci kuma ya samu abin nunawa.

Farfaɗiya ta shiga cikin wannan izini tun daga farko. Phenobarbitone na cikin magunguna mafi araha a duniya, amma har yau akwai 'yan mata a ƙauyukanmu da tabon wuta a hannu da fuska saboda sun faɗi a bakin murhu, da yaran da aka cire daga makaranta don ana jin tsoron yawunsu. Yawun ba ya yaɗa komai. Haka mai jegon da ta rikice bayan haihuwa, ta ƙi jaririnta ko ta daina barci: unguwarzoma da malamar asibiti ne ke fara ganin ta, su ya kamata su san cewa wannan abin gaggawa ne, yana kuma da magani.

Izini ba tare da mai dubawa ba shi ne abin da likitoci ke tsoro, don haka a toshe wannan kafa. Manyan asibitocin Ikara da Makarfi da na Hunkuyi kowanne ya samu aƙalla nas ɗaya mai horon ƙwaƙwalwa, a ba shi babur da mai, aikinsa ya zagaya ƙananan asibitoci yana duba katuna da littafin magani. Barnawa na da makarantar horar da irin waɗannan ma'aikata, ba sai an je wata ƙasa ba. A ƙulla yarjejeniya da Shika ko Barnawa ko asibitin koyarwa na Barau Dikko, likitan ƙwaƙwalwa ya riƙa zuwa rana ɗaya a wata, ranar da kowa ya sani. A sa lambar waya guda da malamin asibiti zai kira ya ce ga abin da ke gabana, a amsa masa. Ina kuma roƙo, wanda aka kashe kuɗi aka horar kada a wayi gari an yi masa canjin wurin aiki zuwa ofis a Kaduna, domin wannan ita ce hanyar da shirye-shirye masu kyau ke bi su mutu a jihar nan ba tare da an yi musu jana'iza ba.

Wani abin da ke ba ni haushi, ranki ya daɗe, shi ne a Makarfi makarantar koyon aikin lafiya ta Shehu Idris take. Shekara da shekaru tana yaye ma'aikatan da ke riƙe da asibitocin karkara a jihar nan da maƙwabtanta. A Gana, irin wannan makaranta da ke garin Kintampo ce aka ɗora wa horar da jami'an lafiyar ƙwaƙwalwa na matsakaicin mataki, waɗanda ake turawa gundumomin da likita ba ya zuwa. Me zai hana Makarfi ta zama haka? Ɗalibai suna nan, azuzuwa suna nan, Shika na kusa, marasa lafiyar da za a koyi aiki a kansu kuwa suna bayan katangar makarantar, wasu a ɗaure.

Duk wannan zai tashi a banza in kanta babu magani. A sa waɗannan 'yan magunguna cikin kayan da hukumar KADHSMA ke rarraba wa ƙananan asibitoci, a kuma tabbatar inshorar KADCHMA tana biyan su ga marasa galihu, domin mai taɓin hankali yana cikin waɗanda suka fi kowa rasa abin hannu. Masu sa maye daga ciki, irin su diazepam da benzhexol, a kulle su a akwati, a riƙa ƙirga su a littafi, mai zagayawa ya duba. Jihar da ta iya gyara asibiti ɗaya a kowace mazaɓa cikin mazaɓu 255 ba za ta gaza ajiye akwati ɗaya a cikinsu ba. Bayan an yi haka ne hukuma za ta samu ƙarfin halin tunkarar masu kemis ta ce su tsaya inda lasisinsu ya tsaya.

Game da malamai masu ruƙiyya da masu maganin gargajiya, ba na cikin masu cewa a kore su. Wajensu mutane ke fara zuwa, kuma za su ci gaba da zuwa ko an so ko an ƙi. Wani bincike da aka yi a Ibadan da Kumasi, aka buga a mujallar Lancet a 2020, ya haɗa ma'aikatan ƙananan asibitoci da irin waɗannan masu magani: ma'aikaci ya riƙa zuwa har inda marar lafiya yake kwance, ya duba shi ya ba da magani, mai gida kuma ya ci gaba da addu'arsa. Waɗanda aka yi wa haka sun fi samun sauƙi a kan waɗanda ba a yi wa ba. Malamin da na sani a ƙasarmu ba zai ƙi wannan ba in an je masa da ladabi ta hannun hakimi da limamin gari. Amma wa zai je? Sai ma'aikacin da ke da izini a aljihu da magani a jaka.

Ranki ya daɗe, ƙananan hukumomin nan uku maƙwabtan juna ne, suna da makarantar lafiya a tsakiyarsu, asibitin koyarwa kuma na kusa da su. In akwai inda ya dace a fara gwada wannan tsari a jihar Kaduna, to nan ne. Roƙona gare ki shi ne ki tara Kwamishinar Lafiya da shugabannin hukumar lafiya a matakin farko da na KADSAMHSA da likitocin Barnawa da Shika a zama ɗaya, a fitar da takardar izinin nan kafin damina mai zuwa, a kuma sanar da mu ta rediyo ranar da za mu fara kawo marasa lafiyarmu asibitocin Ikara da Makarfi da Hunkuyi.

Allah ya ja zamaninki, ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Wassalam.

Naki,
Wani mai jinya daga ƙasar Ikara.